Littafin Goni da Foldar da Ba Komai a Ciki

Daga Bolori har zuwa bakin iyakar Kamaru, babu mutumin da kwamfuta ke jin tsoro kamar ni. Ba ni na faɗa ba, mutane ne suka faɗa, ko da yake ni na fara faɗa musu. Sunana Bukar, amma a layin shagunanmu Injiniya ake kirana, kuma ban taɓa hana kowa ba. Akwai ranar da firinta ta ƙi aiki tun safe, na shigo shago na yi gyaran murya kawai, sai ta fara aman takarda har tana haɗawa da wadda ba a sa ta ba.

To ku yaran yanzu da kuke leƙo shagona kuna cewa, "Baba, ai aikin nan danna-danna ne kawai," ku ja benci ku zauna. Zan ba ku labarin yadda danna-danna ya kusa raba ni da rawanina, alhali ko rawanin ba ni da shi.

Ni da tafireta na fara, a Yerwa, wurin wani mutumin kudu da ake kira Oga Sande. Teburinsa na ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro, yana buga wa mutane takardun neman aiki da na yarjejeniyar haya. Ranar farko ya lulluɓe min hannu da tsumma, ya ce in buga ba tare da na ga haruffa ba. Na buga layi guda, ya karanta, ya tambaye ni ko yaren iyayena ne. A zamanin nan in ka yi kuskure a layin ƙarshe, takardar gaba ɗaya ta tafi, ka ɗauko sabuwa ka sa kabon ka sake daga Bismillah. Kuma Oga Sande bai yarda da kalmar "na gama" ba. In ka ce masa ka gama, sai ya miƙo hannu ya ce, "A baki ko a takarda?" Sai ya riƙe takardar, ya ɗaga ta a rana, sannan ya yarda. Ku riƙe wannan tambayar tasa, domin ni da aka yi wa ita shekara da shekaru ban riƙe ba.

Da kwamfuta ta zo na buɗe shagona a Bolori. Na buga katin biki, na buga takardun jarrabawa, na gyara hoton ango har amarya ta kasa gane shi. Amma abin da ya ɗaga sunana shi ne aikin littattafan addini. Malaman islamiyya suna kawo darussansu, masu wa'azi suna kawo nasu, har 'yan coci suna kawo littafin waƙoƙinsu. Kowa abu ɗaya yake so: a mai da rubutunsa yadda zai shiga waya, a danna babi ya buɗe, a ja da yatsa harafi ya girma.

Manhajar da ke wannan aikin ba irin taku ba ce mai hotuna da maɓallai masu launi. Baƙin allo ne kawai, kamar cikin rijiya, da wani ɗan farin layi yana ƙifta maka ido. Kai za ka rubuta mata umarni da hannunka: ga inda rubutun yake, ga irin fayil ɗin da nake so, ga foldar da za ki zuba min. Ka danna, ta haɗiye littafin gaba ɗaya, ta yi ta tauna shi a cikinta, sai a ƙarshe ta zubo shi babi-babi a foldar da ka nuna mata, ta rubuta maka da Turanci cewa ta gama. Wasu bayin Allah ne a wata ƙasa suka rubuta ta kyauta, Allah ya saka musu. Ni kuwa nakan juya allon ya fuskanci ƙofa idan ina aiki da ita, domin masu wucewa su ga baƙin allo su san ba da yaro suke hulɗa ba.

Ina da wata ƙa'ida da nake alfahari da ita. Ba na haɗa rubutun addini da tarkacen duniya a wuri ɗaya. Laftop ɗina cike yake da hotunan biki da waƙoƙin da amare ke sa a tura musu, har da bidiyon wani ɗan siyasa yana rawa. Yaya za a yi ayar Allah ta kwana kusa da wannan? Saboda haka na sayi faifan ajiya na daban, tsohon yayi, babba kamar bulo, mai nasa filogin da ake sawa a soket, da doguwar waya da ke haɗa shi da laftop. Na kafa masa katako can sama a bayan kujerata, sama da kaina, sama da komai na shagon, na shimfiɗa masa kyalle mai tsabta, yadda ake yi wa littafi mai daraja a gida. Duk malamin da ya shigo sai na nuna masa da yatsa ta bayan kafaɗa, ko juyawa ba na yi. Su ce, "Masha Allah, Injiniya." Ni kuma in sunkuyar da kai kamar mai kunya.

Sai shekarar duhu ta zo. Ku da kuka yi wayo kun tuna lokacin da garin nan ya daɗe ba wutar lantarki, har yara suka manta amfanin abin da ke rataye a silin. Masu ƙanƙara suka koma sayar da gawayi. Mu a layinmu muka dogara da janaretan Alhaji Kyari, mai shagon niƙa a ƙarshen layi, wanda ya ja wa kowa waya. Da mai ya yi tsada, Alhaji ya tara mu ya ce daga yau duk lokacin sallah zai kashe inji, tun da dai kowa masallaci zai tafi. Masu walda suka yi gunaguni, mai aski ya yi gunaguni. Ni na miƙe a tsakiyar taro na buga ƙirji na ce, "Alhaji, ka kashe har gobe in ka so. Laftop ɗina da batirinsa, ni ba ruwana da injinka." Aka yi dariya, na ji daɗi.

A cikin wannan shekarar ne aikin Goni Modu ya zo. Goni dattijo ne a Yerwa, ya fi shekara talatin yana zama a zauren gidansu duk azumi yana karantar da mutane daga bayanan da mahaifinsa ya bari da waɗanda shi ya ƙara, Larabci a sama, fassarar Hausa da Kanuri a ƙasa. Idonsa ya yi rauni. An canza masa tabarau har likita ya gaji, rubutun takarda ya koma masa kamar tururuwa. 'Yarsa Malama Falmata, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ita ta zauna ta buga littafin duka a kwamfuta, ta saya masa babbar waya mai faɗin allo. Abin da ya rage kawai a juya rubutun ya shiga wayar, yadda zai ja harafi ya kai girman ɗan yatsa.

Su biyu suka zo shagona, saura 'yan makonni a ga watan azumi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da Kanuri, "Wushe, Bukar," ya dafa kaina. Shi bai taɓa kirana Injiniya ba.

Malama Falmata ta ce, "In bai samu ba kafin azumi, ya ce zai bar zaman bana. Wai ba zai zauna gaban mutane yana laluben layi ba."

Goni ya ce, "Ba wai ba ne. Mahaifina bai taɓa yin tuntuɓe a wannan zauren ba, ni ma ba zan fara ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai aikin shan shayi ne. In kunna shi in tafi azahar, kafin in dawo ya nuna. Gobe ma a aiko a karɓa."

Haka kuwa na yi, domin da safe laftop ba ya hutawa, masu katin biki da masu takardun makaranta sun yi layi, kuma littafin Goni babba ne, tsohon laftop ɗina sai ya daɗe yana nishi kafin ya gama da shi. Lokacin sallah ne kawai yake samun sarari. Da aka kusa kiran azahar na rubuta umarni, na nuna masa sabuwar folda a faifan sama, na danna. Na gitta benci a ƙofa, na ce wa maƙwabciyata Madam Nkechi, mai sayar da caja da batiran waya, ta sa min ido, kamar yadda muka saba. Na tafi da wuri, domin ni mutumin sahun farko ne. Na dawo a makare, domin ni kuma mutumin mai shinkafa da wake ne.

Na tarar baƙin allo ya rubuta ya gama. Na yi hamdala, na buɗe folda.

Ba komai. Fara fat, kamar tukunyar da aka wanke aka kife.

Ban damu ba. Na ce wataƙila na yi kuskure a umarnin. Na ɗauki babi ɗaya ƙarami na gwada ina zaune, nan take fayil ya faɗo a folda, lafiyayye, na tura a wayata ya buɗe, Larabci ya tsaya a damansa, Hausa a hagunta. Na ce to, ashe tsautsayi ne. Da la'asar na sake saka littafin duka na tafi masallaci. Na dawo: ya gama, in ji shi. Folda kuwa ko ƙura babu.

Daga nan na shiga farauta. Babu lungun da ban leƙa ba a cikin laftop ɗin nan. Na duba kwandon shara, na duba inda yake ɓoye fayilolin wucin gadi, na ga hotunan bikin da aka yi tun da daɗewa, amaryar yanzu tana da jika. Na canza wa foldar suna. Na cire manhajar na sake sakawa. Na sa maganin bairos ya yi ta shara har ya kama wasu abubuwan da ba su yi wa kowa laifi ba. Na ce ko wani babi ne ke da matsala a ciki, na bi su ina gwadawa ɗai-ɗai tsakanin kwastoma da kwastoma, kowanne ya fito. Amma wayar Goni tana son littafin a haɗe, da jerin babobi a gaba, kuma wannan sai an juya shi gaba ɗaya a zama guda. In na haɗa na tafi sallah, in dawo in tarar da wayam.

Har dandalin masu amfani da manhajar na shiga a intanet, na rubuta da Turancina na ranar Juma'a. Wani mutum daga wata ƙasa mai sanyi ya amsa da ladabi, ya tambaye ni ko na tabbata inda ake zuba fayilolin yana nan. Na ji haushi. Na rubuta masa cewa shekarata ashirin a wannan aiki, kuma faifan yana nan a bayana inda na ajiye shi. Ban juya ba. Me zai sa in juya? Ina ganinsa a allo.

Labari ya bazu a layi. Mai aski ya ce aljanu ne, wai suna son karatu, su ke kwashewa. Mai walda ya ce in daina taɓa kibod ba alwala. Na ce masa ai kullum da alwalata nake dannawa, tun da masallaci zan wuce. Ya ce to in gwada ba alwala. Alhaji Kyari ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofa da garin niƙa a gira, ya ce, "Injiniya, an ce kwamfuta ta daina jin tsoronka." Na ce masa muna tattaunawa ne ni da ita.

Malama Falmata kuwa tana zuwa bayan an tashi makaranta, ba ta zama, ba ta ɗaga murya. "Malam Bukar, gobenka ta yi?"

"Saura ƙiris, Malama. Ana kan daidaita wasu abubuwa na ciki."

"Jiya ma abubuwan ciki ne. Baba ya sa an fara share zaure, ya kuma sa an daina. Ya ce kada a shimfiɗa tabarma sai ya ga littafi da idonsa."

Wannan ta shige ni. Na rage cin shinkafa da wake, abin da ko rasuwa ba ta sa ni yi. Tsohon nan ya dogara da bakina, ga wata ya kusa, ni kuma abin da nake da shi kawai baƙin allo mai yi min ƙarya sau biyu a rana, ni ma ina ɗauka ina miƙa wa 'yarsa.

Ana jibi za a fara duban wata, na dawo daga azahar ban ko tsaya wurin abinci ba, na buɗe folda, na ga abin da na saba gani. Na kama kai da hannu biyu. Madam Nkechi ta leƙo. Ita ta fi shekara ashirin a garin nan, Hausarta ta fi ta wasu 'yan layin, Kanurinta ma ya isa ciniki.

"Oga Injiniya, wa ya mutu?"

"Ni ne, Madam. Ba a dai sanar ba tukuna."

Na ba ta labari, ba don ina tsammanin komai ba, sai don na gaji da ba mai aski. Ta saurara, ta ɗaga kai ta kalli saman kaina.

"Wancan akwatin naka mai shuɗiyar fitila, shi ne gidan littafin?"

"Shi ne."

"To ai shi ma yana bin ku sallah."

Na ce, "Madam, yau ba ranar wasa ba ce."

"Wa ke wasa? Kullum kuna tafiya Alhaji ya kashe inji, sai in ji kwamfutarka ta yi ƙara, tilin. In leƙo, fitilar akwatin ta mutu. In kun idar Alhaji ya tayar, ta sake yin tilin, fitila ta dawo. Kai kana can kana cin wake. Na ɗauka kai ka tsara shi haka, saboda ladabi. Na ma ce wa maigidana, mutumin nan har akwatinsa ya koya wa ibada."

Na juya a hankali, karon farko a cikin makonni, na ɗaga kai. Ga faifai a kan kyallensa, ga wayarsa ta sauko ta bi bango ta shiga soket. Soket ɗin Alhaji Kyari. Laftop yana da batiri, gaskiya na faɗa a taro. Faifan ne ba shi da shi. Manhaja ta haɗiye littafi tun da wuta, ta gama tauna lokacin muna sujada, ta juyo za ta zuba ta tarar ba gida, ita kuma ba a koya mata kuka ba, sai ta rubuta ta gama ta yi shiru. Kafin in dawo wuta ta dawo, faifai ya koma mazauninsa yana ƙifta ido kamar bai je ko'ina ba. Duk layin nan babu wanda zai taɓa gani, domin duk muna sahu ɗaya a masallaci. Sai wadda ba ta zuwa.

Na ruga wurin Alhaji na roƙe shi ya bar inji a kunne la'asar ɗaya tak. Ya kalle ni sama da ƙasa. "Ba kai ne ba ruwanka da injina ba?" Na ce wancan wani Bukar ne. Ya ce ko wane Bukar ne, shi ba zai bar inji yana ruri ba kowa a kusa, ranar da ya gwada haka bel ya tsinke.

Da na dawo na tarar Madam ta riga ta jawo doguwar waya daga batirin solarta, wanda take yi wa mutane cajin waya da shi, ta ratso ta taga. "Sa akwatinka a nan. Ku je ku yi sallarku, ni zan yi gadin littafin Malam."

Na sa, na rubuta umarni, na danna. Wannan la'asar, Allah ya yafe min, ban san surar da na karanta ba. Ana sallama na fito da takalmin wani. Na tarar da Madam zaune a kujerata ta harɗe hannu, ta kafa wa shuɗiyar fitila ido kamar mai jiran madara a wuta. Ta ce, "Ko ƙiftawa bai yi ba." Na buɗe folda. Ga su nan, babi bayan babi, sun jeru kamar ɗalibai ranar sauka. Na tuna Oga Sande, ban yarda da allo ba sai da na tura a waya na buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe.

Da yamma na hau keke mai ƙafa uku zuwa Yerwa. Na samu Goni a zaure, ba tabarma sai buzunsa. Malama Falmata ta saka littafin a babbar wayar, ta ja harafi har ya cika rabin allo, ta miƙa masa. Ya kawo ta kusa da fuska, ya matsar. Sai ya fara karantawa, layin Larabci, sannan Kanuri, muryarsa tana ƙara ƙarfi, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya kai ƙarshen shafi ya ajiye, ya ce wa 'yarsa, "A fito da tabarmi."

Da ina da hankali, nan zan yi sallama in tafi. Amma kun san ni. Na gyara zama na fara bayani: yadda matsalar ta gagari masana har na ƙasashen waje, yadda na bi ta lungu-lungu, yadda a ƙarshe na gano wata ɓoyayyiyar rigima tsakanin wutar inji da faifan ajiya. Na ƙara da cewa duk wannan ya faru ne saboda tsananin girmamawata ga rubutun addini, da na ɗora shi can sama da kaina.

Malama Falmata ta ce, "Na biya ta layinku ɗazu sayen caja. Madam tana gaishe ka."

Na yi tari.

Goni ya cire tabarau, ya goge da bakin rawani, ya mayar. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Bukar, ka kyauta da ka ɗora shi a sama. Mu ma haka muke yi da littafi. Sai dai mu mukan ɗaga kai mu dube shi."